PS5 suka nema, PS4 na kawo gida

Ba ni na kawo maganar sayen gem a gidanmu ba, uwargida ce. Da ta tawa za a bi, da har yau babu abin da aka jona a bayan talabijin ɗinmu sai dikoda. Abin da ya tayar da zancen shi ne babban yaronmu, wanda ke aji biyu na ƙaramar sakandare, ya gano hanyar wani gidan gem a bayan layinmu. Duk canjin da ya rage in an aike shi, can yake ƙarewa. A tura ƙaninsa ya kira shi, shi ma ya maƙale. Da na leƙa wurin da kaina, sai na tarar da ɗan shago, talabijin a jere a jikin bango, janareta na ruri a ƙofa, samari masu gemu suna buga ƙwallo ana ɗora kuɗi a kan wasa, ana ta ɗura ashar. Ƙananan yara kuwa suna tsaye a baya suna jiran a miƙo musu hannu, wato abin da ake riƙewa ana danna maɓallansa a buga gem.

"Malam, hana shi ba zai yiwu ba," in ji ta. "Gara a kawo abin cikin gida, inda idona yake."

Na ɗan yi gardama irin ta maigida, daga baya na sallama.

Yaranmu huɗu ne, maza biyu, mata biyu. Mazan ba su da zance sai PS5, wato PlayStation 5, na'urar gem ta kamfanin Sony. Ko sunan wata na'urar ka ambata, sai babban ya yamutsa fuska ya ce, "Haba Abba, wannan ai ta tsufa." Babbar macen ba ruwanta da ƙwallo, ita tseren mota take so, da wani gem na gine-gine da ta gani a wayar ƙawarta. Autar kuwa duk abin da yayyenta suka riƙe, shi take so. Ni kuma sanina ya tsaya ne tun zamanin PS2, wadda ta fito a 2000, lokacin da muke buga Winning Eleven muna samari. Don haka na nufi Farm Centre wurin ƙanin uwargida, kawun yaran, wanda ke gyaran waya kuma ya san kan waɗannan abubuwa.

Na zaci zai fara lissafo mini wadda ta fi ƙarfi da wadda ta fi kyawun hoto. Sai ya ajiye wayar da yake kwancewa ya ce, "Yaya, talabijin ɗinku inci nawa ce?" Na ce 32, kuma ta daɗe. Ya ce to rabin abin da za ka biya a PS5 ba za ka gan shi ba, domin an yi ta ne don manyan talabijin masu hoto mai tsananin kaifi da ake kira 4K. Ya tambayi wuta. Na gaya masa abin da ya riga ya sani: ana kawowa ana ɗaukewa, muna da ƙaramar sola da batir ɗaya, wadda ke riƙe fanka da ƙwayaye da talabijin. Ya ce PS5 tana jan wajen watt 200 in ana buga babban gem, siririyar PS4 ba ta kai 100 ba, Nintendo Switch kuwa ko 20 ba ta kai ba. Ya ce in yi lissafi da kaina, in ga wadda za ta bar mana fanka tana juyawa da daddare a watan Afrilu.

Batun kuɗi kuma bai buƙaci dogon bayani ba. Lokacin da Sony ya fitar da PS5 a Nuwamban 2020, dala 499 ce mai cin faifai, 399 marar faifai. Kayan lantarki kan sauko in sun kwana biyu a kasuwa, ita kuwa hawa ta yi, a 2025 ma an ƙara mata dala 50 a Amurka. Ga naira: a tsakiyar 2023 dala tana wajen 460 a farashin gwamnati, kafin Fabrairun 2024 ya fita ta haura 1,500. Kuɗin da aka gaya mini na sabuwar PS5 da hannu ɗaya tal, ya isa in sayi PS4 ta hannu, da ƙarin hannaye, da faya-fayai, in kuma biya wa yaro ɗaya kuɗin zango. Hannu ɗaya kuwa a gida mai yara huɗu, ka sayo rigima ne da kuɗinka.

Wadda ta fara ɗaukar hankalina ita ce Xbox Series S ta kamfanin Microsoft. Fara ce, ƙarama, sa'ar PS5 ce a shekaru, kuma ta fi ta sauƙin kuɗi nesa ba kusa ba, don a dala 299 ta fito. Akwai kuma tsarin da suke kira Game Pass, inda kake biya wata-wata a buɗe maka ɗaruruwan gem. A takarda babu abin da ya fi wannan dacewa da mai iyali. Amma ba ta da wurin sa faifai ko kaɗan, komai sai an sauke shi daga intanet. Gem ɗaya na iya cin gigabait 50, wasu sun haura 100, ban da sabuntawar da ke zuwa kowane lokaci ba tare da sallama ba. Gidan da muke auna data da 'yar na'urar wayfay ta aljihu, wannan ba tamu ba ce. Kawu ya ƙara da cewa Najeriya ba ta cikin jerin ƙasashen da ake sayar wa wannan tsari kai tsaye, sai ka buɗe asusu da sunan wata ƙasa, ka riƙa sayen katin kuɗi na dala ko fam a hannun 'yan kasuwa. Ranar da ka daina biya, an rufe gem ɗin, ba ka da abin da za ka sayar ko ka musanya. Nan na bar ta.

Switch ce ta fi ba ni wahala, domin ita zuciyata ta so. Wani abokin aikina yana da ita, ya ara mini a ƙarshen mako. Nintendo ya fitar da ita a Maris 2017, kuma dabarar da aka yi mata kamar don irin gidajenmu aka yi: kana bugawa a talabijin, in an ɗauke wuta ka zare ta daga mazauninta ka ci gaba a ɗan allonta, batirinta na kai sa'o'i. Hannunta na rabuwa gida biyu, kowane ɓari ya zama hannu mai zaman kansa, wato tun daga kwali mutum biyu za su iya wasa. Da muka sa Mario Kart, allon ya rabu gida huɗu, har autar tana tuƙa motarta tana cin karo da bango tana ƙyalƙyala dariya. Ranar ce kaɗai na ga su huɗun suna wasa ɗaya ba wanda ya kai ƙara. Hatta ƙananan katunan gem ɗinta an shafa musu wani abu mai ɗaci don kada yaro ya haɗiye. Na taɓa da harshe don in tabbatar, kuma ba na ba kowa shawarar ya gwada.

Da na shiga tambayar farashi sai jikina ya ɗan yi sanyi. Katunanta ba su yawa a kasuwar Kano, kuma gem ɗin Nintendo ba sa faɗuwa, wanda ya shekara biyar sai ka ji kuɗinsa kusa da na sabo. Masu gyaranta ba su da yawa, alhali an san hannayenta da wata cuta, inda 'yar sandar da ake juyawa da babban yatsa ke fara tafiya da kanta ba a taɓa ta ba. Ƙwallon da ke cikinta ma ba ta kai ta PlayStation santsi ba, mazan sun lura da haka tun minti na farko. Sabuwarta, Switch 2, wadda ta fito a Yunin 2025 a kan dala 450, ta koma layin PS5 a tsada. Duk da haka ina nan ina lallaɓa lissafi, sai uwargida ta yanke magana.

"Wannan da ake zarewa a tafi da ita ɗaki? A'a. Abin da yaro zai shiga da shi cikin bargo ƙarfe ɗayan dare, ba na so. A sayo wadda in ba a falo ba, ba ta aiki."

Abin da nake ta yabawa a na'urar, shi ne aibinta a wurin wadda ke wuni da yaran. Na gaya mata akwai manhajar waya ta Nintendo da ke ƙayyade lokaci. Ta ce ita ba ta yarda da tsaron da sai ta duba waya ba, tana so in tana kicin ta ji ƙarar abin, in ta leƙo ta ga abin da ke kan allo. Ban sami amsar wannan ba, kuma har yanzu ina ganin ita ke da gaskiya.

Sai muka dawo kan wadda yaran suka raina. PS4 ta fito a 2013, an sayar da fiye da miliyan 110 a duniya, shi ya sa ta hannu ta cika kasuwa, faya-fayanta suna ko'ina, kuma duk mai gyara ya san cikinta. Tana karɓar hannu huɗu a lokaci ɗaya. Ƙwallon da mazan ke mutuwar so, wadda aka sani da FIFA har zuwa 2023 da kamfanin EA ya rabu da hukumar ya koma kiranta FC, ana ci gaba da fitar da ita a PS4, har da FC 26. Iri uku ce: ta farko mai kauri, da siririya da Pro waɗanda suka fito a 2016. Kawu ya ce siririyar za mu nema, ta fi ƙarancin jan wuta da zafi, kuma in na juya ta in duba lambar da ke jiki: in ta fara da CUH-2 ita ce, CUH-1 tsohuwar ce, CUH-7 kuma Pro.

Tare muka shiga Sabon Gari. Shagon farko, mai kayan ya tarbe mu da fara'a. "Alhaji, ga wadda za ka huta. An fasa ta, gem ashirin ne a ciki, ba ruwanka da sayen faifai har abada." Farashinta bai fi na sauran da yawa ba, kuma na ga dalilin da ya sa mutane ke rububinta. Na ce ya kunna in ga abin da aka loda. GTA V ne a sahun gaba, sai Mortal Kombat, sai God of War, duk na 'yan shekara 18 ne zuwa sama. Wato in ɗauko abin da nake gudu in ajiye a tsakiyar falo. Kawu ya raɗa mini cewa irin wannan, wadda aka karya tsaronta don ta karɓi gem ɗin da ba a saya ba, ba a sabunta ta, ranar da yaro ya danna sabuntawa bisa kuskure, duk gem ɗin sun kulle, sai an koma an sake biya, in ma zai yiwu. Ban da haka, kayan sata ne, ko da an sauya masa suna. Ba zan zauna ina yi wa yaro wa'azin haƙƙin mutane ba alhali ya san yadda gem ɗinsa suka shigo gida. Na ce a kawo wadda ba a taɓa ba.

Wadda aka fara kawowa tana sheƙi, an goge ta da mai. "'Yar London ce, Alhaji, kamar sabuwa." Kawu bai ce komai ba, ya juya bayanta ya nuna mini inda 'yar takardar hatimi take, an ɓanɓare an mayar. An taɓa buɗe ta ke nan. Ba lallai hakan ya zama matsala ba, wani shara kawai aka yi mata, amma ya ce a sa faifai a bar ta ta yi aiki. Muna tsaye muna hira, can sai fankarta ta fara kuka kamar jirgi zai tashi. Mai shagon ya ce zafin gari ne. Muka yi masa godiya muka yi gaba.

Inda muka saya, wani dattijo ne marar yawan magana, ya ba mu benci ya ce mu gwada son ranmu. Na ga yadda kawu ke aiki, kuma duk mai niyyar saye ya kamata ya yi haka. Ya sa faifai ya fitar, ya sake sawa, yana sauraron ko tana tauna shi. Ya girgiza wayar HDMI, mai kai hoto talabijin, a hankali a bakin raminta ya ga ko hoto zai ɗauke, don wurin yana yawan lalacewa a na'urar da aka yi ta yawo da ita. Ya jona ta da intanet ɗin wayarsa ya shiga asusunsa, don a tabbatar Sony bai toshe ta ba. Ya shiga wasa ya ajiye hannun a kan benci ba ya taɓawa, yana kallon ko ɗan wasan zai motsa da kansa. Ya danna kowane maɓalli. Sai da ta yi zafi sosai ya kara kunnensa a jikinta, sannan ya ɗaga mini gira.

A kan hannaye muka fi daɗewa. Jabu sun cika kasuwa, kwalinsu ma ya fi na asali kyau. In ka ɗaga za ka ji ba nauyi, maɓallan suna ƙara, batirin ba ya riƙe caji. Dattijon da kansa ya ce, "Alhaji, asali na hannu ya fi jabu sabo." Na ƙara biyu a kan wanda ta zo da shi, suka zama uku, na huɗun sai aljihu ya farfaɗo. Muka yi ciniki, ya ce albarka, na ƙara kaɗan, ya sallama, ya rubuta mini rasit da lambar na'urar a jiki da alkawarin canji in ta ba da matsala cikin mako.

Wajen zaɓen faifai na koyi karanta 'yar lambar da ke kusurwar kwali. Waɗanda suka zo daga Turai suna ɗauke da alamar PEGI, da lamba 3, 7, 12, 16 ko 18, shekarun da suka dace ke nan. Na Amurka kuma haruffa ne: E na kowa, T na matasa, M na manya. Masu shago ba sa duba wannan, za su miƙa wa ɗan shekara goma duk abin da ya nuna. Na ɗauki ƙwallo ta bara, wadda kuɗinta ya faɗi warwas tunda sabuwa ta fito, da Crash Team Racing don masu son tsere, da Minecraft, wanda ashe shi ne na gine-ginen da yarinyar ke nufi. Dukansu ana iya bugawa mutum huɗu a talabijin ɗaya.

Da muka iso gida, babban ya kalli kwalin ya ce, "Abba, PS4 ce." Na ce ita ce. Ya yi shiru na ɗan lokaci, ƙaninsa kuwa tuni ya fara kwance waya.

Daren nan ni da kawu muka zauna saitawa bayan sun kwanta. Wajen buɗe asusu, an jero ƙasashe babu Najeriya, Afirka ta Kudu ce kawai muka gani daga ƙasashen kudu da Sahara. Ya zaɓi Birtaniya, saboda faya-fayanmu na Turai ne. Faifan kowace ƙasa yana aiki a kowace PS4, amma ƙarin abubuwan da ake saye a cikin gem sai ƙasar asusu ta dace da ta faifai. Nawa ya zama babban asusu, kowane yaro aka buɗe masa ƙarami a ƙarƙashina da shekarunsa na gaskiya. A nan ake sa awa nawa zai yi a rana, daga ƙarfe nawa zuwa nawa, kuma in lokaci ya cika na'urar ta fitar da shi da kanta. Kuɗin da zai iya kashewa a wata muka bar shi a sifili. Lambar sirrin da ke tsare waɗannan saituna tana zuwa ne a 0000, kuma kowane yaro a unguwa ya san haka, don haka ita muka fara canzawa.

Intanet kuwa na cire shi gaba ɗaya, sai in ni zan jona. Ba tsadar data kaɗai ba ce. A cikin ƙwallon akwai wani sashe, Ultimate Team, inda ake sayen ƙunshin 'yan wasa da kuɗin gaske ba tare da ka san wa ke ciki ba, ko ka dace da gwani ko ka tashi a tutar babu. Hukumar kula da caca ta Beljiyam ta ɗauki irin wannan a matsayin caca tun 2018, har EA ya daina sayar da makin sayensu a ƙasar a farkon 2019. Kwalin da na saya lamba 3 ce a jikinsa, amma wannan sashen ba na yara ba ne a wurina. Wasa da baƙi ta intanet ma yana buƙatar biyan kuɗin wani tsari na Sony mai suna PlayStation Plus a yawancin gem, ban biya ba, kuma ba ni da niyya.

Dokokin gida uwargida ce ta shimfiɗa. Ranar da ake zuwa boko da Islamiyya babu gem. Alhamis da Juma'a da yamma, da ba Islamiyya, akwai, sai Asabar da Lahadi bayan an dawo. In an kira salla a ajiye hannu ko ana bugun fanareti. Hannayen suna kwana a cikin durowarta, da makulli. Dokar nan ta "wanda ya ci ya zauna" ta soke ta tun ranar farko, don da ita babban ba zai taɓa tashi ba, matan kuma ba za su taɓa zama ba. Yanzu agogon kicin ake sawa.

Abu biyu na ƙara saye daga baya. Na farko ƙaramin UPS, na'urar batir mai riƙe wuta na ɗan lokaci, domin in wuta ta ɗauke tana cikin aiki, in an sake kunnawa sai ta tsaya duba ma'ajinta tana gargaɗi, kuma kawu ya ce yawan haka na lalata abin da aka adana. Na koya musu su kashe ta gaba ɗaya, kada su bar ta a barcin nan da fitilarta ke zama ruwan lemo. Na biyu ɗan mayafi da tela ya ɗinka mata saboda ƙurar hunturu, ana rufewa in ta huce, ba a rufewa tana aiki. Mun kuma fitar da ita daga cikin kabad ɗin talabijin, inda iska ba ta shiga.

Na san kwananta ya ja. Sabbin manyan gem da yawa PS5 kawai ake yi wa, wata shekara ƙwallon ma za a daina kawo mata. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne kusan duk faya-fayan PS4 suna aiki a PS5 mai cin faifai, har hannayen ma suna yi in gem ɗin PS4 ake bugawa, don haka abin da muka tara ba zai zama asara ba in lokacin canji ya zo. Babban ya sayi asusun ƙasa yana tara kuɗin Salla, wai na PS5 ne, na ce Allah ya ba da sa'a. Kwanan baya ya zo yana lallashi a sayo sabuwar ƙwallo, don an sauya wa 'yan wasa kulob, tasu ta zama tsohon labari. Na aika shi wurin kawunsa ya tambayo nawa za a cika in an ba da tsohon faifan. Da ya dawo da amsa, shi da kansa ya ce a bari sai ta sauko.